Cajar Kafasitar Bolt 300: Fanel ɗin Kyamarar Yarwa ko Caja ta Musamman?

Kyamarar robar nan da ake yarwa da zarar fim ɗinta ya ƙare, wadda Fujifilm ya fito da ita a 1986, Kodak ya biyo baya a 1987, ta bar wa masu wasa da lantarki gado mai kyau. A cikin masu filash akwai ɗan fanel, wato allon da kayan lantarki ke jere a kai, da bai kai tafin hannu ba, wanda ke karɓar bolt 1.5 daga batir AA guda ɗaya ya cika kafasita, wato abin da ke tara wuta ya sake ta lokaci guda, da bolt 300 da ɗoriya. Da shi mutane da yawa ke fara gwajin wuta mai ƙarfi: kunna fitilar neyon, ba bututun Geiger na gano radiyeshon wutar da yake bukata, farfaɗo da tsohuwar kafasita, ko watsa wa koyil, wato naɗaɗɗiyar waya, wuta lokaci guda. Tambayar da ke tasowa bayan mako guda ita ce, a ci gaba da gyaggyara wannan fanel ɗin ne, ko a bar shi a koma wata caja?

Lissafi ɗaya ne ke raba gardamar. Ƙarfin da kafasita ke riƙewa, wanda ake aunawa da jul, shi ne rabin girmanta a ninka da boltej ɗinta, a sake ninkawa da boltej ɗin. Kafasitar waɗannan kyamarori kan kama daga mikrofarad 80 zuwa 160, da 330V rubuce a jikinta. Mai mikrofarad 120 idan ta kai bolt 300 tana ɗauke da jul 5.4. Da sabon batir, fanel ɗin kan cika ta cikin sakan 5 zuwa 10. Raba wancan da wannan, za ka ga abin da ke shiga kafasitar bai wuce rabin wat zuwa wat ɗaya ba. Iyakar ƙarfinsa ke nan, kuma duk wani gyara da za a yi masa a kusa da wannan adadin zai tsaya. Don haka kafin ka ɗauki ƙarfen narka dalma, ka san jul nawa kake son tarawa, kuma sakan nawa za ka iya jira.

Abin da ke cikin fanel ɗin

Taransista ɗaya, wato makunnin lantarki, ce ke yin duk aikin, galibi irin su 2SD965 ko 2SD879, masu jure kwararar wuta mai yawa a ƙaramin boltej. Tana kunnawa da kashewa sau dubbai a sakan, ita ce ke wannan siririn kukan da ake ji yana canja murya yayin caji. Tana tura wutar batir cikin 'yan zagayen waya mai kauri a wata ƙaramar taransifoma, ɗaya ɓangaren kuma zagaye ne sama da dubu na waya mai sirantar gashi. Akwai ɗan koyil na uku da ke mayar da sigina zuwa ƙafar bes, wato ƙafar da ke kunna taransistar, ta cikin razista mai rage kwararar wuta, wadda a fanel da yawa om 220 ce ko kusa da haka. Daga nan sai dayod ɗaya, mai barin wuta ta wuce ta hanya ɗaya kawai, sai babbar kafasita. Sauran kayan galibi na tayar da filash ne: ƙaramar kafasita, ɗan koyil mai ƙafa uku da ke harba wajen bolt 4,000, bututun zenon, da fallayen ƙarfe biyu da ke haɗuwa idan an danna maɓallin hoto.

Abubuwa uku game da wannan tsari ne ke yawan ba sabon hannu mamaki.

Na farko, boltej ɗin da yake fitarwa yana bin na batir ne, ninki 200 da wani abu. Babu abin da ke auna kafasitar ya ce ta cika a tsaya. Tana tsayawa a bolt 300 zuwa 330 ne kawai saboda iya inda batir mai bolt 1.5 zai kai ta ke nan. Wasu fanel-fanel na Kodak, waɗanda ake danna maɓallinsu sau ɗaya a saki, suna da ƙarin taransista da ke kashe cajin da kansa, amma mafi sauƙin ƙira ba su da wannan.

Na biyu, taransifomar ba ta raba ɓangaren batir da ɓangaren wuta mai ƙarfi ba. Ƙafa ɗaya ta babbar kafasitar a haɗe take da ɗaya daga cikin ƙarafan batir. Wanda ya taɓa gindin batir da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya gogi ɗaya ƙafar kafasitar, ya sha shokin bolt 300 cikakke.

Na uku, a fanel da yawa wutar da ke fitowa negatif ce idan aka auna ta daga layin da take tarayya da batir. Sa mita ka tabbatar kafin ka haɗa komai. Juya dayod don a samu fozitif yana yin aiki, amma da asara, domin a ainihin tsarin kafasitar tana cika ne a daidai lokacin da taransista ke kunne, kuma a ƙira da yawa kwararar cajin kanta tana ƙara tura bes. Idan aka juya dayod ɗin, tartsatsin da ke tashi bayan taransista ta kashe kaɗai ake tarawa. Boltej ɗin na iya hawa sama, cajin kuwa ya koma tafiyar hawainiya.

Zaɓi na farko: a bar shi yadda yake, a tsaftace shi kawai

Wannan ne ya fi dacewa ga duk aikin da bai wuce jul 10 ba, wato kafasita ɗaya ko biyu na kyamara.

Cire batir tukuna, amma kada hakan ya ruɗe ka, kafasitar na iya riƙe wuta na sa'o'i, wani lokaci kwanaki. Ɓare takardar jikin kyamarar, ka ɓalle maƙalan robar da abin da ba ƙarfe ba, ka riƙe fanel ɗin ta gefe. Kafin yatsa ya je kusa da bayansa, sauke wutar kafasitar ta cikin razista mai om 2,200, wat 5, da aka liƙa wa wayoyin mita masu rufi. A bolt 300 abin da zai fara bi ta ciki miliamf 136 ne, kuma cikin sakan biyu an gama da kafasita mai mikrofarad 120. Riƙe ta sakan biyar, sannan ka auna. Masu haɗa ƙafafun da sukundireba suna samun ƙara kamar ta bindiga, da ɗigon ƙarfe mai tsalle zuwa ido, da rami a bakin sukundireban, kafasitar kuma tana lalacewa daga ciki kaɗan-kaɗan.

Bayan nan cire bututun zenon, koyil ɗin tayarwa, ƙaramar kafasitarsa da fallayen ƙarfen nan biyu, domin su ma akwai wuta a jikinsu. Maɓallin caji ɗan ƙarfe ne mai lanƙwasa da ke haɗa wurare biyu a fanel. Haɗe su da dalma, ka sa makunni na gaske a kan wayar batir, wanda ke komawa a kashe idan aka ɗaga yatsa. Fitar da wayoyi biyu daga inda babbar kafasitar take, masu rufin da aka rubuta wa 600V. Sa komai a akwatin roba, har da batir ɗin.

Sai razistar zubarwa, wadda ke zaune a kan ƙafafun kafasitar dindindin tana tsiyaye wutar idan an kashe. A nan akwai ciniki. Mai megaom 1 tana cin wat 0.09 ne kawai a bolt 300, amma sai ta yi wajen minti 10 kafin ta sauke mikrofarad 120 ƙasa sosai. Mai kiloom 220 tana gamawa cikin minti biyu da 'yan sakanni, sai dai tana cin wat 0.41, kusan rabin abin da fanel ɗin ke iya bayarwa, har ka ga mita ta tsaya a ƙasa da inda ta saba kaiwa. Megaom 1 ce daidai, a riƙa sauke sauran da hannu. Kuma kada a sa razista guda: ƙananan nan masu rubu'in wat galibi bolt 250 aka yi su su jure, don haka a jera biyu masu kiloom 470.

Fitilar da ke nuna an shirya ba ma'auni ba ce. Neyon ɗin kan kama tun kafin kafasita ta cika, jar fitilar sababbin fanel kuma a hankali take ƙara haske. Mita ce shaida. Wani abin lura shi ne bolt 30 na ƙarshe sun fi kowanne cin lokaci da batir, alhali a bolt 270 an riga an tara kashi 81 cikin ɗari na abin da za a samu a 300. Ga yawancin gwaje-gwaje, tsayawa a 270 ya fi riba.

Batir ma yana da tasiri. A farkon caji fanel ɗin kan ja amf ɗaya zuwa biyu, wanda ke durƙusar da batir mai arha na zinki da gawayi nan take. Alkalin ne aka ƙera shi dominsa. NiMH, batir ɗin da ake sake cajawa, mai bolt 1.2 yana fara caji da ƙarfi amma yakan tsaya ƙasa da alkalin sabo. Batir AA na litiyom, wanda sabonsa ke nuna kusan bolt 1.8, na iya tura kafasitar ta wuce 330, don haka a sa ido a kan mita.

Zaɓi na biyu: a matsa masa

Abin da kowa ke fara tunani shi ne a ba shi bolt 3. Zai yi sauri, ba ƙarya, na ɗan lokaci. Tunda fitarwarsa na bin shigarwarsa, yanzu yana neman kai kafasitar bolt 600, ita kuwa 330 aka yi ta. Da ta wuce iyakarta sai yoyon cikinta ya ƙaru, ta yi zafi, ruwan cikinta ya zama iska, ta kumbura ta fashe ta wajen tsagin da aka yi mata. Idan kafasitar ta tsira, taransistar ba za ta tsira ba: 2SD965 wat 0.75 kawai take iya zubarwa a matsayin zafi, ba ta da ƙarfen shan zafi, kuma ninka boltej na ninka zafin kusan sau huɗu. Wanda ya canja ta da babba ya ƙara girman razistar bes, matsalar takan koma cikin taransifoma, inda siririyar wayar ke fara tartsatsi tsakanin zagaye da zagaye. Alamarsa ita ce kukan ya koma kaushi, boltej ya faɗi, kuma ba ya dawowa. Wannan ba ta gyaruwa.

Haɗa fanel da yawa kafaɗa da kafaɗa ya fi wannan hankali. Kowanne yana da dayod ɗinsa, don haka ana iya tara fitarwarsu a kan kafasita ɗaya, muddin duk ƙira ɗaya ne kuma fuskar wutarsu ɗaya. Cakuɗa mai fitar da negatif da mai fitar da fozitif a kan batir ɗaya shot ne kai tsaye. Guda huɗu za su ba da wat biyu zuwa uku, amma suna jan amf 4 zuwa 8 a bolt 1.5, wanda AA guda ba zai iya ba. Sai batir D, ko kowane fanel da nasa, da wayoyi gajeru masu kauri, domin asarar bolt 0.2 a waya tana nufin asarar sama da bolt 40 a kafasita. A ƙarshe kana da fanel huɗu tsirara, kowanne na iya jan ka, don wat uku. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Jera fanel biyu ɗaya bayan ɗaya don samun bolt 600 ya fi muni. Dole kowanne ya samu batir dabam, kuma batir ɗin na biyu kansa zai zauna a kan bolt 300. Kafasitocin da aka jera kuma suna bukatar razista a kan kowacce, kiloom 470 misali, don raba boltej daidai, in ba haka ba wadda yoyonta ya fi ƙanƙanta za ta ɗauki kaso mafi yawa ta wuce iyakarta.

Inda gyaran fanel ɗin ke da ma'ana sosai shi ne aikin da ke son boltej ba ya son kwarara. Bututun Geiger irin SBM-20 yana aiki a bolt 400 ta cikin razista ta wajen megaom 5, abin da yake ci kuma 'yan mikroamf ne. A nan sai a cire babbar kafasitar gaba ɗaya, a ɗauki wuta daga gaban dayod, a sa matakin ninkawa na dayod biyu UF4007 da kafasita biyu masu nanofarad 10 zuwa 100 da ke jure bolt 1,000, a danne fitarwar da dayod zena masu hana boltej wuce iyaka, guda huɗu 1N4764A a jere, kowacce bolt 100. Sannan a ɗaga razistar bes zuwa 'yan kiloom don rage cin batir. Ƙarfin da ke taruwa a irin wannan bai kai ɗigon jul ba, shokin ɗinsa ya fi na babbar kafasita sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai mita mai megaom 10 a ciki tana jan mikroamf 40 a bolt 400, fiye da bututun kansa, don haka za ta nuna ƙasa da gaskiya. Mitoci masu arha da ke da megaom 1 kuwa durƙusar da shi suke yi.

Fitilun Nixie, kwalaben gilashi masu nuna lambobi da hasken neyon, wani lamari ne. IN-12 ko IN-14 na son bolt 170 zuwa 180 da wajen miliamf 2 kowacce. Fanel ɗin kyamara zai kunna ɗaya don kallo, amma agogo mai fitilu shida na bukatar sama da wat 2 ba tsayawa, ga shi ba a yi taransifomar don aiki dare da rana ba.

Zaɓi na uku: caja daga bolt 12 da ka haɗa da kanka

Ɗauki kafasitocin kyamara goma kafaɗa da kafaɗa: mikrofarad 1,200, jul 54 a bolt 300. Fanel ɗaya zai yi minti ɗaya da rabi zuwa uku yana fama, yoyon kafasitoci goma na cin wani kaso, taransistar na gasuwa. Daga nan ne ya kamata a sauya doki.

Mafi sauƙin abin haɗawa shi ne IC 555, 'yar haɗaɗɗiyar da'ira mai fitar da bugu a kai a kai, tana kunna MOSFET, wato taransista mai ɗaukar wuta da yawa, da koyil, da dayod mai sauri. Lissafinsa a buɗe yake. Koyil mai mikrohenri 100 a bolt 12 yana kai amf 3 cikin mikrosakan 25, kuma a lokacin yana riƙe da milijul 0.45. Idan ana maimaita haka sau 30,000 a sakan, wat 13 da rabi ke nan a takarda. Jul 54 zai cika cikin sakan 4 a lissafi, a aikace 6 zuwa 8.

Wuraren da yake lalacewa sanannu ne. Koyil ɗin dole ya jure sama da amf 3 ba tare da zuciyarsa, wato abin da aka naɗa wayar a kai, ta ƙoshi da maganaɗisu ba. Idan ta ƙoshi, sai ya koma waya zalla, kwarara ta yi tsalle, MOSFET ta ƙone cikin ƙiftawar ido. Dayod 1N4007, duk da bolt 1,000 da take jurewa, tana da nawar rufewa, a wannan saurin zafi kawai take yi. UF4007 ce wurin, mai rufewa cikin nanosakan 75. MOSFET kuma tana ganin dukan boltej ɗin kafasita a jikinta, don haka IRF740 mai bolt 400 ta yi kusa da gaɓa, IRF840 mai 500 ta fi kwanciyar hankali. Sa fis mai amf 3 a shigarwa.

Babban aibinsa shi ne bai san ƙoshi ba, ya ma fi fanel ɗin kyamara rashin sani. Kowane bugu yana zuba milijul ɗinsa ko kafasita tana 50 ko tana 350, zai ci gaba har wani abu ya fashe. Don haka abin tsayarwa ba ado ba ne a nan. Jera razista uku masu kiloom 330 daga fozitif ɗin kafasita, ka ƙarasa da mai kiloom 8.2 zuwa ƙasa. A bolt 300 mahaɗarsu na nuna bolt 2.46. Kai wannan ga LM393, IC mai kwatanta boltej biyu, ɗaya ƙafar tata a kan TL431 mai riƙe bolt 2.495 daram, fitarwarta kuma ta ja ƙafa ta 4 ta 555 zuwa ƙasa. Caji zai tsaya a kusan bolt 304. Ƙara razista babba, megaom 1 ko fiye, daga fitarwar zuwa ƙafar fozitif ta LM393 don kada ta riƙa rawa a bakin iyaka. Wannan jerin razistocin kuma shi ne razistar zubarwarka ta megaom 1, jifa ɗaya tsuntsu biyu. Amma a mikrofarad 1,200 zai ɗauki sama da sa'a ɗaya da rabi kafin ya sauke ta, don haka ba a dogara da shi kaɗai.

Zaɓi na huɗu: haɗaɗɗen fanel na saye

Akwai wanda ya yaɗu a kasuwannin intanet, mai karɓar bolt 8 zuwa 32 ya fitar da 45 zuwa 390, da ake tallata shi a wat 40 da amf 0.2. Yana da taransifoma, da IC mai iyakance kwarara, da ɗan sukurin saita boltej. Ga wanda burinsa gwajin da kafasitar za ta yi ne ba gina caja ba, wannan ya fi duk na baya sauƙi, kuma tunda yana riƙe boltej ɗin da aka saita masa, ba ya wuce gona da iri.

Saita shi ba tare da babbar kafasita ba, mita a haɗe, a bolt 300 ko 310. Yana iya zuwa a saite a sama da 330, kuma wanda ya haɗa kafasitocin kyamara kafin ya duba ya gama da su. Nasa kafasitocin na fitarwa ma suna riƙe wuta bayan an kashe. Abu na biyu, kafasita fanko kamar shot take a wurinsa. Sa razista mai kiloom 1.5, wat 10, a tsakani: kwarara ba za ta wuce amf 0.2 ba, mikrofarad 1,200 kuma za ta cika cikin sakan 9. Razistar za ta sha zafi daidai da abin da kafasitar ta tara, jul 54 a kowane caji, don haka a bar mata iska kuma kada a yi ta maimaitawa ba hutu. Kwan fitila mai zare na wat 25 zuwa 40, irin na bolt 230, yana yin wannan aikin, har da ƙarin cewa haskensa na dusashewa yayin da caji ke kammala. Adadin wat 40 ɗin nan kuwa a ɗauke shi da rangwame, sai da fanka yake kusantarsa.

IC ɗin da aka yi don wannan aikin

Linear Technology, wanda Analog Devices ya saya a 2017, ya yi jerin IC na cajar kafasitar filash. LT3468 ƙarama ce da ke cika mikrofarad 100 zuwa bolt 320 cikin ƙasa da sakan 5 daga batir litiyom guda. LT3750 tana tuƙa MOSFET ta waje daga bolt 3 zuwa 24 don manyan kafasitoci, LT3751 kuma tana kaiwa bolt 500. Suna auna boltej daga ɓangaren farko na taransifoma, suna tsayawa da kansu, suna da ƙafar da ke sanar da an gama, kuma kafasita fanko ba ta firgita su domin kowane bugu a ƙayyade yake. A fasaha babu wanda ya kamo su cikin zaɓuɓɓukan nan. Wahalarsu a hannu take: ƙafafunsu ƙanana ne ƙwarai, suna son taransifomar da ta dace da takardar bayaninsu, kuma ba sa lamuntar dogayen wayoyi. A kan allon gwaji mai ramuka sukan tsaya da wuri ko su ƙi tsayawa. Sun dace da wanda ya iya zana fanel nasa, kuma yake son na'urar da za ta yi shekaru tana aiki da batir.

Biyu da ba na mafari ba

Da'irar tuƙa taransifoma da ake kira ZVS ta Mazzilli, mai MOSFET biyu irin IRFP250 da zagaye biyar-biyar a kan zuciyar ferait, tana ba da ɗaruruwan wat. A bolt 12 kowane zagaye na ɗauke da kusan bolt 3.8, don haka zagaye 85 zuwa 90 a ɓangare na biyu ya isa bolt 330. Tana cika jul 500 cikin 'yan sakanni, ba ta da birki ko kaɗan, kuma idan wutar shigarwa ta taso a hankali MOSFET biyun kan kunnu tare su ƙone. Jul 500 ya haura abin da injin farfaɗo da zuciya na asibiti ke bugawa, wanda iyakarsa 360.

Ɗayar ita ce ɗaukar wutar gida kai tsaye. Bolt 230 idan aka bi da shi ta dayod yana ba da 325, adadin da ya yi kama da an yi shi don kafasitar 330V, shi ya sa yake jan hankali. Babu abin da ya raba ka da layin wuta, babu iyakar kwarara, kuma ɗan hawan wutar gida ya isa ya wuce da kafasitar iyakarta. A bar wannan.

Abin da ke kashe caja ko wacce iri ce

Idan abin da ake saukewa a kai koyil ne, wutar ba ta tsayawa a sifili. Koyil ɗin yana ci gaba da turawa har ya cika kafasitar ta baya, kafasitar filash kuma ba ta jure juyi, ga tartsatsin da ke komawa ya fasa dayod ɗin caja. Maganinsa dayod mai ƙarfi a kan koyil ɗin, a juye, da razista tsakanin caja da kafasita, ko makunnin da ke raba su kafin saukewa. Makunni na hannu kuwa ba ya jure ɗaruruwan amf na lokaci guda, bakinsa narkewa yake ya manne, sai a yi amfani da SCR, wato makunnin lantarki marar baki, wadda ke jure bugun wutar da ya kai haka.

Kafasitar da aka sauke tana iya sake nuna wuta bayan 'yan mintoci, har kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na inda ta fito, domin rufin cikinta na sakin abin da ya tsotsa. Bolt 40 a kan mikrofarad 1,200 ya isa ya sa hannu ya zabura ya bugi wani abu. Bayan saukewa da aunawa, ɗaure ƙafafun da waya har sai za a sake aiki. Daga jul 10 zuwa sama ana ɗaukar kafasita a matsayin haɗari na gaske, jul 50 kuma na iya kisa idan ya bi ta ƙirji. A wannan matakin tabarau na kariya, cire zobe da agogo, aiki da hannu ɗaya, mita a maƙale dindindin, da wani mutum a kusa, duk suna cikin kayan aiki kamar yadda dayod take.

Kafasitocin tsofaffin kyamarori sun yi shekaru a kwance, siririn rufin oksaid na cikinsu ya yi rauni, shi ya sa suke yoyo da zafi idan aka cika su da sauri. A nan raunin fanel ɗin kyamara ya zama alheri, ko da ka riga ka koma babbar caja. Ɗauki kowace kafasita ita kaɗai, ka kai ta bolt 100 ka bar ta minti goma, sannan 200, sannan 300, kana taɓa makunni lokaci-lokaci don riƙe ta a wurin. Daga nan kashe, ka bar mita mai megaom 10 a kai. Mitar kaɗai za ta sauke mikrofarad 120 da wajen bolt 15 a minti na farko. Wadda ta faɗi da ninkin haka ko fiye bayan an maimaita farfaɗowar sau biyu, ko ta yi ɗumi a hannu bayan an sauke ta, ko saman ta ya ɗan tashi, kada ta shiga cikin sauran.